Na Rage wa Motata Tsayi, Ga Damina Tafe

Assalamu alaikum Anti Zulaihat. Don Allah ki taimaka mini da shawara, domin murna da fargaba sun haɗe mini wuri guda, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni malamar lissafi ce a wata makarantar 'yan mata a Kabo, amma a Gwarzo nake aure, kullum ina kan hanya. Tun ina ƙarama nake son mota. Mu 'yan Kutama ne, mahaifina Baba Jalo da kiwo ya tashi, kuma lokacin da 'yan'uwana ke rububin maruƙa ni ina bakin hanya ina kallon motocin kasuwa. Bara Allah ya hore mini wata 'yar ƙaramar mota ruwan toka. Anti, har tayoyinta nake gogewa da tsohon buroshi.

Abu ɗaya ya dame ni da ita, tsayi. Tana tsaye kamar wadda ta tattare zani za ta tsallake ruwa, in na sha kwana kuma sai ta yi rangaji. Watan jiya na ga irinta a garejin Malam Muntari, bakaniken da ke duba mini mota a Kabo, an sassauto da ita ta kwanta luf. Mai ita ya ba ni na ɗan zaga, ban sauko ba sai da na yanke shawara. Malam Muntari ya ce ko dai a kawo gajerun sifirin, wato naɗaɗɗun ƙarafan da ke ɗauke da nauyin mota a kan tayoyi, daga Kano in jira sati biyu, ko ya yanke nawa a ranar. Ya ce shi dai na farkon ya fi kwanta masa. Ni kuwa na kasa jira, na ce ya yanke.

Da ma kin ga motar nan da ta fito! Ta zauna daram, tayoyin sun cika gurbinsu. A kan kwalta ina juya sitiyari tana bina, ba tangaɗi ba rangaji. Ɗalibaina suka kewaye ta, wata ta tambaye ni ko sabuwa na saya. Ranar sau biyu na wuce ƙofar gidanmu da gangan don kada tuƙin ya ƙare. Maigidana Lukuman ya zagaya ta, ya ce ta yi kyau, sannan ya tambaye ni ko na tuna hanyar Kutama. Na ce masa ba komai.

To ga inda matsalar take. Duk bayan sati biyu ni nake ɗauko Baba in kai shi asibiti gashin ƙashi saboda ciwon gwiwa da ƙugu. Ƙarshen hanyar gidanmu na Kutama burji ne, duk zaizaya. Asabar ɗin da ta wuce, muna fitowa, Baba a gaba, Inna a baya da buhun wake da ta ce in kai wa Lukuman, sai na ji cikin motar ya daki ƙasa, ƙarar har cikin haƙorana. Sau uku ana haka kafin mu hau kwalta. Abin mamaki, Baba ne ya fi kowa jin daɗi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin shanu a ƙafa, sai ga shi yana dariya yana cewa in ƙara wuta, wai bai taɓa shiga motar da ta kama ƙasa haka ba. Ya ce kada in kuskura in mayar da ita yadda take. Amma na ga yadda yake cije baki duk sa'ad da muka faɗa rami, kuma a asibiti sai da na kama shi hannu bibbiyu kafin ya iya miƙewa daga kujera.

Tun ranar nake ganin ɗigon baƙin mai inda nake ajiye ta. Ƙasa nake turawa da ƙafa in rufe kafin Lukuman ya fito. Ban taɓa ɓoye masa wani abu ba sai wannan. Ga damina tafe, ga shi ina son motar nan a yadda take, har na hango wasu wilin taya masu ƙyalli da nake son sa mata. Anti, son kai nake yi? Yaya zan yi?

Malamar Lissafi, Gwarzo

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta wasiƙarki ina murmushi, don murnarki ta fito fili a kowane layi. Son mota ba laifi ba ne, kuma kin yi gaskiya, mota in ta yi ƙasa takan fi zama a kwana. Kada kowa ya sa ki ji kunyar abin da ke faranta miki rai.

Amma ɗigon man nan ba zai jira ba. Na tambayi wani tsohon bakanike da na yarda da shi, ya ce mai yiwuwa kaskon man injin ne ya bugu, kuma in man ya tsiyaye kina tafe injin ne zai tafi. Ki duba man kafin ki sake tayar da ita, sannan Malam Muntari ya leƙa ƙarƙashinta, har da salansa, wato bututun hayaƙi. Ya kuma ce yankakken sifirin ba abin dogara ba ne. Yana iya gocewa daga mazauninsa, yana kashe shokozoba, kuma duk ramin da kika faɗa jikin wanda ke ciki ne zai sha. Shi ne abin da kika gani a fuskar Baba.

Baba ya ce kada ki taɓa motar domin ya ga 'yarsa cikin farin ciki, ba ya son ya zama dalilin yankewarsa. Ki ji daɗin maganarsa, amma ki yi aiki da abin da idonki ya gani a bakin asibiti.

Ba sai kin koma gidan jiya gaba ɗaya ba. Ki cire yankakkun, ki sa cikakku ki wuce damina da su. In ruwa ya ɗauke, ki nemi gajerun sifirin na ainihi waɗanda za su sauke ta kaɗan, kamar inci ɗaya, da shokozoba daidai da su, a kuma saita tayoyin. Ke malamar lissafi ce, ki auna tazarar cikinta da ƙasa alhali mutum uku da buhu suna ciki, ba tana fayau a gareji ba. In awon bai ba ki hanyar Kutama ba, ki haƙura da saukarwar, ki sa wilin da kika hango, su ma ado ne.

Lukuman kuwa, ki kai shi wurin da kike tura ƙasa ki nuna masa yau. Mutumin da ya fara da yaba motar kafin ya yi tambaya ba mai neman kuskurenki ba ne. Ki ce ya raka ki gareji.

Allah ya ba Baba lafiya, ya tsare ki a hanya, ya sa ki daɗe kina jin daɗin motarki.

Anti Zulaihat