Yatsun Da Za Ki Gane Ni Da Su

Zuwa ga mahaifiyata, Dada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kina lafiya a duk inda Allah ya ajiye ki.

Dada, an ce za a iya ƙara mini tsawon yatsu. Maigidana ne ya kai ni wurin likitan ƙashi a nan Yola. Likitan ya ce za a yanka ƙashin kan yatsan, a ɗaura wani ɗan ƙarfe mai noti, kullum in murɗa kaɗan, sabon ƙashi ya riƙa cike tsakanin. Ranar Laraba yake jiran amsa. Tun da muka dawo na kasa zama wuri ɗaya. Na share tsakar gida sau biyu, na ɗora tukunya na manta gishiri.

Kin san ina so. Duk littafin da na buɗe, yarinyar ciki yatsunta zara-zara ne. Nakan karanta da hannuna cikin hijabi. Ranar ƙunshin aurena a unguwar Luggere ta Jimeta, mai lalle ta riƙe hannuna tana juyawa, ta rasa inda za ta fara.

Ke ba ki taɓa rasawa ba. Kina ɗaure mini lalle da ganye kina cewa, “Ko cikin kasuwa kika ɓace, da waɗannan zan nemo ki.”

Ina shekara tara muka rabu a hanyar gudu, ranar da aka shigo garinmu. Goggo ce ta iso da ni Jimeta. Ta bi sansani-sansani tana barin saƙo ɗaya: duk matar da ke cigiyar yarinya mai gajerun yatsu, a turo ta Luggere. Ba mu da hoto, ba mu da takarda. Fuskata ta canja, Dada, na fi Goggo tsawo yanzu. Yatsun nan ne kawai suke yadda kika bar su.

Maigidana ya ce shekarun sun yi yawa. Bai ƙarasa ba, ni ma ban bar shi ya ƙarasa ba.

Ga abin da zan gaya wa likita: a yi na dama, a bar na hagu. In kin zo, Dadata, hagun za ki kama. Kada na daman ya ruɗe ki, ni ce.

Allah ya tsare ki in kina raye, ya nuna miki hanyar gidanmu. In kuma kin riga mu, ya sanyaya makwancinki.

Taki, mai jiranki,
Hajara