Matan Malam Arba'in da Uku

Dutsin-Ma, Litinin.

Zuwa ga Hajiya Zaituna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da mai jego Lubna da jaririn. Tunda wayarki ta faɗa randa, ga mu mun koma takarda.

Kin san manhajar nan ta rabon irin wake da aka ba ni in mayar da ita Hausa. Na gyara mata kwanan wata, na mayar da kilo tiya, na koya mata gaisuwa har ta fi wasu surukai ladabi. Mace za ta yi magana, ita kuma ta rubuta. Jiya muka gwada ta a Rawayau. Mata arba'in da uku suka yi rajista, da muka duba sai mace ɗaya ta rage. Sauran duk ta goge su, wai maimaici ne. Mutawakkil, injiniyan da ya ƙera ta, ya ce fassarata ce ta lalata masa aiki. Na bi ta layi-layi, ban ga laifin Hausata ba. Ran Alhamis za a rufe rajista, wadda ba sunanta ba ta da iri bana. Na rasa gane kan abin.

Ki gaishe da mutanen Kurfi.

Naki, Atiku.

Dutsin-Ma, Laraba.

Hajiya,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Takardarki ta iso, bayan ta zaga gida uku, saboda Baban Lubna kawai kika rubuta a baya.

Tambayarki ɗaya, wai me na'urar ke tambayar matan. Na je na saurari muryoyin. Tana cewa su faɗi sunan mijinsu, kowacce sai ta ce Malam. Garinsu ɗaya, mijinsu ɗaya, sai ta ɗauka mace ɗaya ce mai naci. Mutawakkil ya ce ai sai su faɗa kawai. Bai yi aure ba tukuna.

Tambayarki ce ta buɗe mini ido, na ƙara layi: mace ta miƙa wa ta kusa da ita wayar, ta faɗa mata sunan mijin. Yau duk sun shiga, ana ta dariya.

Abin da ya tsaya mini shi ne, na karanta littattafai sun fi ɗari, amma shekara ashirin da bakwai ban lura ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Kin dai san shi ko?

Naki, wanda za ki tsallake sunansa,
Atiku.