Akwatin Hotunan Amare

Kontagora,
9 ga Mayu

Zuwa ga Yayana Musaddiq,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Bashira da yara. Ya Kaduna, ya aiki? Mu nan lafiya, sai gajiya. Inna na gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi.

Na zaɓi in rubuto ne don in na kira ka a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana. Zancen akwatin nan ne da ka haɗa mini a shago bara, wanda nake zuba hotunan biki a ciki, amare su buɗe ta intanet suna daga gidajensu. Ka ce mai araha ne amma zai yi. To Yaya, bai yi ba.

Ka san abin da nake ci da shi. Ni mace ce, shi ya sa ake shigar da ni har ƙuryar gida ranar lalle, inda ko ango ba ya leƙawa, mata su saki jiki don sun san Salihatu ce. To lambar sirrin nan da ta zo manne a ƙasan akwatin, ita nake ba kowace amarya. Ban taɓa canza ta ba, ban ma san ana canzawa ba. Da na gaji da maimaita ta, sai na sa aka buga mini ita a bayan katin shago, ƙarƙashin lambar wayata. Ashe duk wanda ya shiga da ita, hotunan kowa a buɗe suke gabansa.

Shekaranjiya Hajiya Mu'minat ta zo shago, mahaifiyar Khairat da na ɗauki bikinta watan jiya. Ko zama ba ta yi ba. Ta miƙo mini wayarta, sai ga Khairat da ƙawayenta ana rawa, kai ba ɗankwali, a wani guruf na samarin Nasko. Wai wata amarya ce ta yar da katina, abokin mijinta ya tsinta. Hajiya ba ta zage ni ba, da ma ta zage nin. Tuna mini kawai ta yi cewa ita da kanta ta kama hannuna ta shigar da ni ɗakin.

Don Allah ka rubuto mini yadda ake rufe abin nan, dalla-dalla.

Ƙanwarka,
Salihatu

Kontagora,
21 ga Mayu

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya, kuma zazzaɓin ɗanka Isma'ila ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi.

Na ga saƙonka, har da layin da ka ce laifin ba na akwati ba ne. Na ji. Amma wanda ya kafa mini shi ya hau mota a ranar bai ce mini uffan kan lamba ba, shi ma ya ji.

Na bi bayaninka. Ina tsakiyar canza lambar aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita, akwatin ya ƙi sabuwar, ya karɓi tsohuwar abinsa. Na ce to bari in goge hotunan lalle gaba ɗaya. Na wuni ina gogewa, washegari na tarar da su a wani lungu da yake tara abin da aka goge, shi ma a buɗe. Kai! Yanzu kuma wata jar fitila yake kunnawa, yana ƙara kamar ana soya gyaɗa. Na fisge wayar wutarsa na tura shi ƙarƙashin tebur.

Sai dai abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane, ba fisgewar da za ta dawo da shi. Gida tara na shiga da ƙafata ina ba da haƙuri. Wasu sun ce ba komai, idonsu na kallon bango. A gidan su Khairat an ce tana barci, ƙarfe sha ɗaya na safe.

Wallahi na gaji, Yaya. Ko kyamarar ba na son gani.

Taka,
Salihatu

Kontagora,
14 ga Yuni

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, ina fata damina ta sauka lafiya a wajenku.

Ka ce za ka aiko da wani akwatin mai kyau. Allah ya saka, amma bar shi. Tun da abin ya faru ba wanda ya kira ni aiki.

Jiya aka yi lallen Ruka, 'yar maƙwabciyarmu, wadda na goya tana jaririya. Uwarta ta zo da kanta ta gayyace ni, cikin ladabi ta ce in zo in ci shinkafa kawai, kada in wahalar da kaina da kaya. Na gane. Na yi kwalliya na tafi, ko waya ban ɗauka ba.

Tun daga zaure nake jin guɗa da shewa. Ina yin sallama rawa ta tsaya. Kowa ta shiga laluben mayafinta, har Ruka. Na ɗaga tafin hannuwana biyu don su ga ba komai, ni Salihatu, a gidan da nake shiga ba sallama tun ina yarinya. Aka ba ni tabarma, aka kawo abinci, aka yi mini sannu da zuwa. Sai da na kai bakin zaure zan fita na ji kiɗan ya tashi.

Ka gaida Anti da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Salihatu