Wane Faifai Za Mu Kunna Wa Zakara?

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, in da hali kuma ki sa tawa a gaba, domin maganar ba mai jiran layi ba ce. Ban taɓa rubuto miki ba. Gaskiya ma ni ce mai yi wa Yayata dariya duk sanda na same ta tana karanta filinki, ga shi yau ni ce tsaye a ƙofarki.

Ni makaɗiya ce, ganguna nake bugawa a wata ƙungiyar kiɗan rok. Na san za ki ce mace da ganga, an sha faɗa mini har na daina ji. Mu huɗu ne: ni, da mai jita, da mai bas, wato jitar nan mai kaurin sauti, da mawaƙinmu da muke kira Zakara, saboda tun yana saurayi in ya buɗe baki ba mai sauran barci a layinsu. Zakara mijin Yayata ne. Shi ya fara damƙa mini sandunan ganga ina 'yar sakandare, wai tunda na hana kowa sakat da dukan tebur, gara in koma dukan abin da aka yi don duka. Tun daga nan muke tare, kuma tsakanina da shi tsokana ba ta ƙarewa. Ina ce masa tsoho, yana ce mini uwar hayaniya.

Bara aka gano yana da ciwon daji a huhu. An yi magani iyakar yi. Daga baya likita ya zaunar da shi da Yaya ya gaya musu abin da ya saura shi ne a rage masa zafi. Da ya dawo gida bai yi mana maganar asibiti ba ko kaɗan. Tara mu ya yi, ya ce akwai waƙoƙin da ya tsara ba mu ɗauka ba, kuma ba zai tafi da su a ciki ba.

Kiɗan mu ukun muka ɗauka a situdiyo, wannan bai ba mu wahala ba. Muryar ce aikin. Ba ya iya hawa matakalar situdiyon, sai muka kwashi kaya muka kai falonsa. Mai haɗa mana sauti ya rataya barguna a tagogi, ya ture kujeru gefe, ya kafa makirfo a gaban kujerar da Zakara ke kishingiɗa. Nan muka ci karo da abin da ba mu yi tunani ba. Injin oksijin da yake shaƙa yana da wani gurnani, makirfo kuwa ba ya barin komai ya wuce. Nas ɗin da ke zuwa duba shi ta yi faɗa har ta gaji, daga ƙarshe ta yarda a riƙa kashe injin na tsawon layin waƙa ɗaya kacal, a kunna nan take, ita kuma tana zaune tana kallon ɗan abin awon da ke maƙale a yatsarsa. Sai aka rasa wanda zai riƙe makunnin, kowa ya sunkuyar da kai. Zakara ya nuna ni, ya ce duk ɗakin ba wanda ya san lokaci kamar mai ganga.

Haka na zama mai kashe wa mijin Yayata iska. In kiɗa ya zo wurin shigarsa in danna, ya rera layinsa, in sake dannawa tun bai rufe baki ba. Har na kai ina sanin numfashinsa zai ƙare kafin shi ya sani, daga yadda kafaɗarsa ke ɗagawa. Wata rana mu samu baiti guda, wata rana mu naɗe wayoyi mu tafi ba ko layi ɗaya. Yaya ba ta zama a falon. Kicin take shiga ta rufe ƙofa, amma na san tana jin duk lokacin da injin ya yi shiru, domin ƙarar kwanuka ma tsayawa take yi.

Anti, an gama. Makon jiya ya rera layin ƙarshe na waƙar ƙarshe, na danna makunnin, injin ya tashi, na kuma san ba zan ƙara kashe shi ba har abada. Ban san nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da na sauke. Na fita baranda na zauna a ƙasa na yi kuka, amma ba na baƙin ciki ba, wani sanyi ne ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa. Kullum tsorona shi ne ya tafi a bar waƙa rabi, ko kuma abin ya faru yatsata na kan makunnin. Allah bai nufa ba. Tun ranar nake barci kamar jaririya, ina cin abinci har da ƙari. Wani lokacin kunya ke kama ni, mutum na kwance ni kuma ina jin iska a jikina. Shi ma an canza masa maganin zafi ya ɗan ji dama. Jiya har ya ce in zo ya ba ni darasin ganga, tunda har yanzu ban iya ba.

To ga inda matsalar take. Zakara yana da wata ɗabi'a tun faifanmu na farko: ba ya sauraron muryarsa yayin aiki. In ya rera sai ya cire abin kunne ya ce a ci gaba. Yakan ce in ka fara sauraron kanka ka daina waƙa, ka koma kwaikwayon kanka. Sai an gama haɗa faifai gaba ɗaya muke zama mu huɗu a ƙasa, a kunna daga farko har ƙarshe, ba mai cewa uffan. Wannan karon ma haka ya yi. Ke nan har yau bai ji yadda muryarsa ta koma a faifai ba.

Ta canza, Anti. Muryar da ke cika fili ba lasifika yanzu siririya ce, tana rawa, akwai haki tsakanin kalmomi. Wuraren da da can yake hawa kamar wasa, yanzu sai ya kai rabi ya sauko. Mai haɗa sautin mutumin kirki ne, bai tambayi kowa ba ya yi haɗi biyu. Na farko ya bar komai yadda yake. Na biyu ya zauna ya share hakin, ya ɗinka kalmomi daga ɗauka daban-daban, ya miƙe inda muryar ta karkace, inda ta kasa hawa kuma ya sa mai jita ya rera a ƙarƙashi, da yake muryarsu na ɗan kama. In kika ji na biyun za ki rantse Zakaran da ne.

Yaya ta ji duka biyun a motata. Na farkon ko waƙa ɗaya ba ta kai ƙarshe ba ta ce in kashe. Na biyun ta saurara har ƙarshe tana hawaye, ta ce wannan ne mutumin da ta aura. Ta ce shi za a kunna masa, shi za a fitar, kuma kada wanda ya kuskura ya gaya masa akwai wani. Ta ce ita ke jin hakin nan kullum, ba ta buƙatar a sa mata shi a faifai, kuma ba ta so 'ya'yanta su girma suna jin ubansu yana neman iska. Yaya ce ta raine ni, ban saba musu da ita ba, kuma na san ba ta faɗi ƙarya ba.

Amma ni na farkon nake so. Kowane haki da ke ciki na san shi, ina wurin aka yi shi. Akwai inda ya kuskure kalma ya yi 'yar dariya ya ci gaba, a na biyun an cire. Na biyun yana da kyau, sai dai ban ga wahalar da ya sha a cikinsa ba, an wanke ta tas. Kuma ta yaya zan zauna kusa da shi ina kallonsa yana jin muryar mai jita yana zaton tasa ce? Mai jita ya ce duk abin da aka yanke ya bi. Mai bas, wanda dama magana ba ta dame shi ba, ya ɗaga kafaɗa ya ce a duka biyun bas ɗinsa ya fito.

Yanzu kullum Zakara sai ya tambaye ni yaushe za a zauna, ni kuma ina ta kawo dalilai, yau in ce ba a gama zanen bangon faifan ba, gobe in ce mai haɗa sauti na mura. In zan faɗi gaskiya kuma akwai wani abu a ƙasan raina. Ina tsoron ranar da ya ji faifan ya ga aiki ya ƙare, ya saki jiki. Na ga yadda aikin nan ke tayar da shi da safe.

Wanne zan kunna masa? In bi Yaya in yi shiru, ko in saɓa mata?

Mai Ganga

Ƙanwata Mai Ganga,

Na sa taki a gaba kamar yadda kika roƙa, dariyar da kike wa Yayarki kuma na yafe.

Bari in fara da barcinki. Ki yi shi, ki ƙara abincin ma. An ɗora miki aikin da maza uku suka sunkuyar da kai a kansa, kin yi, an rabu lafiya. Sanyin da kike ji ba rashin ƙauna ba ne, kuma ba ya buƙatar ki nemi afuwar kowa.

Yanzu Yayarki. Ba ƙarya take so a yi ba, mijinta take karewa da ɗan abin da ya rage a hannunta. Ke kina jin hakin nan a lokacin aiki ki tafi gida, ita da shi take kwana take tashi. Ita ce kuma za ta zauna da faifan nan shekaru bayan kowa ya koma harkarsa. Kada ki raina wannan. Ke ma kina da hujja, domin sa muryar wani a ƙarƙashin ta mutum ba da saninsa ba ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ki duba ranki da kyau: wani ɓangare na son da kike wa na farkon, don taki wahalar ma tana ciki ne. Ba laifi ba ne, amma ba shi zai yanke hukunci ba.

Kuskurenku ku biyun ɗaya ne. Kuna yanke wa mutum shawara alhali yana raye, da hankalinsa, jiya-jiya ma ya gama tsokanarki. Faifansa ne, muryarsa ce, sunansa za a rubuta. Kuma kada ku yaudari kanku cewa bai san yadda muryarsa ta koma ba. Wanda ya yi shekaru yana waƙa daga cikin ƙirjinsa yake jin ta, ba sai an kunna masa ba. Ya san duk inda ya kai rabi ya sauko. In kuka kunna masa na biyun kuka yi shiru, zai gane tun a waƙar farko, kuma saboda yana son Yayarki shi ma zai yi shiru. Sai ku zauna kuna yi wa juna ɓoyo a ɗan lokacin da ya rage muku tare.

Ki fara da Yaya, kada ki yi komai a bayan idonta. Ki same ta ku biyu, cikin ladabi, ki ce mata ba za ki kunna masa abin da ba ta so ba da ƙarfin tsiya, amma ba za ki iya ɓoye masa cewa haɗin biyu ne ba. Ki roƙe ta ita ta gaya masa, ta faɗa masa dalilinta da bakinta, har da maganar yara. Ya cancanci ya ji wannan daga gare ta. Mai jita kuma ya faɗi nasa da kansa. Daga nan ku tambaye shi wanne yake so ya fara ji. Ba dole sai an zubar da ɗaya ba. Ana iya fitar da ɗaya a ajiye ɗaya a gida, yara in sun girma su nema da kansu in suna so.

Ki shirya ranki, domin zai iya zaɓar na biyun. In ya yi haka kada ki kumbura. Mai zuwa ɗaukar hoto yana da ikon sa rigarsa mai kyau, ba wanda zai ce ya yi ƙarya. In kuma na farkon ya zaɓa, kada ki kalli Yaya da idon nasara, ki matsa kusa da ita ki riƙe mata hannu.

Ku tambayi nas lokacin da ya fi jin ƙarfi a yini, ku zauna a lokacin. Ba sai ya sauko ƙasa ba, ku ku zauna a gindin kujerarsa. In ya gaji a tsakiya ku dakata, gobe a ci gaba. Wannan karon kuma ku ƙara wa Yaya wuri a zaman, ta sha nata aikin a faifan nan ko da sunanta ba ya jiki.

Saura tsoronki na cewa zai saki jiki. Na fahimce ki, amma ranar mutum ba a hannun faifai take ba, ba kuma a hannunki ba. Jinkirin da kike yi ba ya ƙara masa kwana ko ɗaya, damarsa ta jin abin da ya ba da numfashinsa a kai kawai yake ragewa. Ku sauran za ku ji faifan nan duk ranar da kuka ga dama, har ku gaji da shi. Shi kaɗai ne a cikinku lokacinsa ya ƙure, kuma shi kaɗai ne bai ji ba. Ki je gidan Yayarki a makon nan.

Allah ya sassauta masa, ya ba Yayarki juriya, ya sa ku zauna ku ji shi tare.

Antinki