Garin Ƙarfe a Man Motar Baba

Yaya Shitu,

Na wuce gareji Rano kana barci. Bayan asuba na juye baƙin man motar Baba, sai ga garin ƙarfe yana ƙyalli a gindin kwano. Na sa maganaɗisu, wani ya kama, wani ja-ja bai kama ba. Injin yana cin kansa ne daga ciki. Man giyan nan mai kauri da kake ƙara masa, ƙarar kawai ya rufe.

Kada ka tayar da ita, ko zuwa bakin titi. Malam Zakiyyu zai kai Inna asibiti a tasa motar, mun yi magana. Kwanon yana bayan ƙyaure, ka shafa da yatsa ka ji.

Makullin yana aljihuna, don na san halinka.

Dalhatu