Dosiyen Inna

Harobanda, Yamai, Litinin

Yaya Habibu,

Gaisuwa da fatan Damagaram ta karɓe ka lafiya. Ordinatar gida, kwamfutar nan tamu, ta cika maƙil, ta ƙi karɓar hotunan sunan ɗan 'yar'uwarmu Safiatou. Tunda kana iya shiga cikinta daga can, ka rage mini tarkace. Amma don Allah ka bi a hankali, ka san muryoyin marigayiya Inna arba'in da na ɗauka tana jinya duk suna ciki, ba mu da su a ko'ina.

Ƙanwarka, Zuwera

Damagaram, Talata

Zuwera,

Ina gaishe ki. Ke da tsoro! Aikina ne fa. Dosiye biyu na gani, wato jakunkunan ajiya, "Inna" da "Inna kopi", na aika komand, wato umarni, ta ssh, hanyar da nake shiga daga nesa, na share na biyun. Na sa sunan cikin giyeme, 'yan alamun nan da ke haɗa kalmomi biyu su zama suna ɗaya. Ordinatar ta ɗan yi ƙorafi, ban tsaya karantawa ba. Zuba hotunanki.

Yayanki

Harobanda, Laraba

Yaya,

Bayan gaisuwa, na shiga ordinatar. "Inna kopi" na nan daram. "Inna" ce babu. Na duba sau biyar, na kashe na kunna. Kopin nan ni na fara shi bara, kuran ya ɗauke, ba wuta, ban ƙarasa ba. Har yanzu ban yi ƙarfin halin buɗe shi ba. Me ka share?

Zuwera

Damagaram, Laraba

Ƙanwata,

Na koma na karanta ƙorafin. Cewa ta yi ba ta ga wani abu mai suna "kopi" ba. Ga abin da ya faru: ordinatar da ke gabana ita ta fara karanta komand ɗin, ta cire giyemen kafin ta aika. Ta gida sai ta ga kalmomi biyu da fili a tsakani, ta ɗauka abu biyu ne. Ta share "Inna", ta nemi "kopi" ta rasa. Kamata ya yi in sa giyeme riɓi biyu, ɗaya don nan, ɗaya don can. Na sani, ni nake koya wa mutane wannan.

Ki zare wayar kuran yanzu. Muddin ba a zuba sabon abu a kai ba, Ismaël, mai gyara a Kirkissoye, zai iya tono muryoyin. Ki ce mini ba ki zuba komai ba.

Ki yafe mini. Habibu

Harobanda, Juma'a

Yaya,

Gaisuwa. Hotunan suna tun ran Talata na zuba su, kamar yadda ka ce. Ismaël ya wuni a kai, bai samo ko ɗaya ba.

Na buɗe kopin. Muryoyi uku ne a ciki. Na tura maka su, na kai wa Safiatou, na sa a wayata. Ta ukun daƙiƙa tara ce, dariya kawai Inna take yi. Ban yi fushi ba tukuna, sauraro nake.

Ka dawo lafiya. Zuwera