Na Ce Ya Rasu

Konni, daren Laraba

Yau a gidan rediyonmu labari guda ya zo mini a takarda biyu, duka da Faransanci, ni ce mai maida shi Hausa. Labarin wani ɗan jarida ne a wata ƙasa da ake yaƙi. Ta farko ta ce sojoji sunka harbe shi yana ɗaukar hoto. Ta biyu ta ce yana cikin ƴan tawaye harsashi ya same shi.

Na tambayi darakta, Malam Idi, wacce zan karanta. Ya ce, "Hadiza, ba gabanmu anka yi ba. Ki ce ya rasu, shi ke nan."

Haka na faɗa.

Da la'asar Inna Rabi mai tuyar wainar bakin tasha ta tsaida ni. "Ɗiyata, wannan bawan Allah da kinka ce ya rasu, ya daɗe yana jinya?"

Na ce, "Inna, harbe shi anka yi. Dalilin ne ban sani ba."

Har yanzu abin na ba ni mamaki. Na guji goyon bayan kowa, sai ga shi na ɓoye harbin baki ɗaya. Wa hakan ya amfana?

Ita dai juya wainarta ta yi, ta ce, "To, mi ya hana ki faɗi haka a rediyo?"